Sanarwa kan hotunan dabbobin dare

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Don Allah kafin kowa ya sake turo hoton dabbar dare a rukunin nan, ya fara goge bayanan GPS da waya ko kyamara ke liƙa wa hoto, wato masu nuna wurin da aka ɗauke shi. Batun ɗankunya ne ya fi tayar min da hankali. Tun 2017 yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji a duniya, ta haramta cinikin nau'o'insa takwas tsakanin ƙasashe, amma masu neman ɓawonsa ba su daina ba, kuma hoto ɗaya mai nuna wuri ya ishe su. Duk wanda ya taɓa ganin yadda yake dunƙulewa kamar gammo da ya ji motsi, ya cusa kai ƙarƙashin jela, ya san ba ya gudu, ba ya cizo. Ɗaukarsa kawai ake yi a jefa a buhu.

Sai fitila. Akwai wani shimfiɗe a bayan idon damisa da kura mai mayar da haske, shi ya sa idanunsu ke ƙyalli, kuma haske mai ƙarfi kusa da fuska yana ɗimauta su. A riƙe jar fitila, ko a ɗaure kyamarar tarko (mai ɗaukar hoto da kanta in ta ji motsi) mai hasken infirared, wanda ido ba ya gani, a jikin bishiya, daidai gwiwa. A share ciyawar gabanta, in ba haka ba iska za ta cika katin ajiyar kyamarar da hotunan ganye. Mai neman dabgi ya kafa ta kusa da suri.

Kuma ban da ajiye nama don jawo dabba, ko kaɗan.