Malam, Sai Yanzu Mutuwar Baba Ta Same Ni

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka na wannan fili, Allah ya saka muku da alheri. Na daɗe ina sauraron shawarwarin da kake ba mutane kan aure da tarbiyya da zaman gida, ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana ni ma zan rubuto ba. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Roƙona ɗaya, a sakaya sunana, don mahaifiyata tana cikin masu sauraronka.

Mahaifinmu ya rasu fiye da shekara guda ke nan. Ya daɗe yana fama da hawan jini, yana kuma shan maganinsa. Wata asuba jijiyar jini ta fashe masa a ƙwaƙwalwa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya ɗauke. Likita ya yi mana bayani cewa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki, kuma a wajen yawancin mutane nan ne magana take, shi ya sa abin ya haɗa masa biyu. Ya yi 'yan kwanaki a gadon asibiti yana bin mu da ido ɗaya bayan ɗaya. Ka ga mutum yana da abin faɗa, harshe ya ƙi. Haka ya cika, ba wasiyya, ba sallama.

Ni ne babban ɗansa namiji. Ni da baffana muka shiga kabarin muka karɓe shi. Na kwantar da shi a gefensa na dama, na juya fuskarsa ga alƙibla, na sassauta ƙullin likkafanin, hannuna ko rawa bai yi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rashin nauyinsa: mutumin da tun daga ƙofar gida muke gane takunsa, ga shi a hannuna ba nauyi. Ina fitowa, ƙasa duk a gwiwata, baffa ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai ne uba yanzu. In ka yi kuka, su waɗannan su yi me?" Na dubi ƙannena, na haɗiye abin da ya taso mini.

Daga nan sai hidima ta ɗauke ni. Karɓar masu ta'aziyya, kowa "ya haƙuri?", ni kuma "haƙuri da godiya". Takardun wajen aikinsa, na banki, kuɗin makarantar yara, kula da Umma a wata huɗu da kwana goma na takabarta. Sai maganar bashi, wadda na fi ba ƙarfi saboda hadisin da ya ce ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. A nan Baba ya sauƙaƙa mana. A aljihun wata rigarsa muka sami ƙaramin littafi mai shuɗin bango, ya ɗaure shi da roba. Shafin hagu waɗanda suke binsa, shafin dama waɗanda yake bi. Na hagun ba su da yawa, muka biya su cikin lokaci kaɗan. Na daman kuwa, sunaye da yawa ya ja musu layi, a gefe ya rubuta "na yafe" da kwanan wata. Akwai wanda ya yafe wa ya sake ranta masa, ya sake yafewa. Ba wanda ya san da wannan a gidan, har Umma. Na karanta littafin tas, na mayar da robar, na ci gaba da lissafi. Aka raba gado yadda Suratun Nisa'i ta tsara, ba wanda ya ɗaga murya. Dangi suka yi ta sa mini albarka, ana cewa Allah ya yi wa marigayi magaji.

Malam, duk wannan lokacin hawaye ko ɗigo bai fito mini ba. Har na ɗauka Allah ne ya ba ni haƙurin nan na bugun farko da hadisi ya yaba.

Ashe bugu na biyu yana tafe. Bayan komai ya lafa, wata rana ina wajen aiki ina neman lambar wani a WhatsApp, sai idona ya faɗa kan sunan "Baba". Hoton da ke jiki ba nasa ba ne. Wani saurayi ne da ban taɓa gani ba, yana dariya. Layin ya daɗe ba a amfani da shi, kamfanin waya ya sayar wa wani, kamar yadda suke yi da duk layin da aka bari. Ban san lokacin da na tashi na shiga banɗaki na kulle ba. Kukan da na yi a wurin, tun ina yaro ban yi irinsa ba. Tun daga ranar abin bai sake ni ba.

Barci ya zama sai an yi sa'a. In na samu, shi nake mafarki, kullum yana so ya yi magana. Ina zaune cikin mutane sai in ji ba na wurin. Aikin da nake gamawa da safe yanzu yakan kai ni yamma. In na je gaida Umma, nakan sunkuyar da kai in wuce ƙofar ɗakinsa da sauri. Maiɗakina tana haƙuri da ni, amma na ga tsoro a idonta, don abu kaɗan ke sa in yi faɗa, alhali ba halina ba ne. Yanzu da kowa ya naɗe tabarmar makoki, ni kuma sai yanzu nake neman wurin zama.

Na gwada faɗa wa mutane. Wani abokina ya ce, "Haba, har yanzu? Wanda ya tafi bai yi gaggawa ba, mu da muka rage ba mu yi jinkiri ba." Gaskiya ya faɗa, amma ba ta rage mini komai ba. Gwaggona kuwa, da ta ga idona ya yi ja, sai ta ja ni gefe ta ce in ji tsoron Allah, kukan masu rai azaba ne ga mamaci, kuma makoki kwana uku ne ga kowa in ban da matar mamaci. Wannan maganar ta fi komai tayar mini da hankali. A ce mutumin da ya yi ta yafe wa mutane a ɓoye, ni ɗansa ne zan zame masa sanadin wahala a kabari?

Shi ya sa na koma ga ɗan abin da na karanta. Na san hadisin da gwaggo take nufi yana nan, na kuma san Nana A'isha ta yi gyara a kan yadda aka fahimce shi, ta kafa hujja da ayar da ta ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani. Malamai da yawa sun ce abin da ake nufi shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi, ba hawaye ba. Na san lokacin da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) yake gargarar mutuwa, idanun Annabi sun zubar da hawaye, har Abdurrahman bin Auf ya ce, "Har kai, ya Manzon Allah?" Ya amsa masa cewa wannan rahama ce, ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa, wadda ta rasu yana ɗan shekara 6, ya yi kuka har na kusa da shi suka yi, bayan shekaru masu yawa. Ga Annabi Yaƙub a Suratu Yusuf, da idanunsa suka yi fari don baƙin ciki, 'ya'yansa suna ce masa ba zai daina ambaton Yusuf ba sai ya halaka, shi kuma ya ce ga Allah kaɗai yake kai kukansa. Duk wannan na sani a kai. Zuciyata ce take so ta ji daga bakin wanda ya fi ni sani, don in dare ya yi, maganar gwaggo ce ke dawo mini.

Ta ɓangaren asibiti ma na ji wani abu. Wani abokina ma'aikacin lafiya ya ce akwai baƙin cikin rashi da yake zarcewa ya zama ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin sabon kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, inda ake duba wanda ya wuce wata 6 yana cikin matsanancin begen mamaci har abin ya hana shi gudanar da rayuwarsa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ma ta amince da shi a shekarar, amma su wata 12 suka sa ga manya. To ni ta ina za a fara ƙirga mini, daga ranar da ya rasu ko daga ranar da abin ya same ni? Wani kuma ya turo mini matakai biyar ɗin nan da likita Elisabeth Kübler-Ross ta fitar a 1969, daga ƙin yarda, zuwa fushi, har zuwa sallamawa. Da na bincika sai na ga marasa lafiyar da ke dab da mutuwa ta yi nazari a kansu tun farko, ba waɗanda aka yi wa rashi ba. Ni dai ban ga wani mataki a nawa ba. Yau in wayi gari lafiya lau, gobe in ga wani dattijo a sahun gaba da irin hular Baba, in rasa a raka'a ta nawa muke.

Amma babban abin da ya sa na rubuto shi ne gidanmu. An daina maganar Baba. Ba wanda ya hana, haka kawai aka yi shiru. In autarmu ta ce "da Baba yana nan", sai Umma ta ce "Allah ya jiƙansa, a yi masa addu'a", ta miƙe ta shiga ɗaki, zancen ya mutu. Addu'a kam muna yi. Ban taɓa idar da salla ban ce "Rabbirhamhuma kama rabbayani sagira" ba, kuma na san addu'ar ɗa nagari tana cikin abubuwa uku da ba sa yankewa ga mamaci, tare da sadaka mai gudana da ilimi mai amfani. Sai dai ni ina so a yi hirarsa ma. A tuna yadda yake tsokanar Umma, da yadda yake gyaran murya kafin ya yi wa mutum faɗa, a yi dariya, in kuka ya zo a yi. Ban ga laifin hakan ba, tunda Manzon Allah (SAW) ya riƙa ambaton Nana Khadija bayan rasuwarta har Nana A'isha tana jin kishi, kuma in ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta.

Ban san halin da Umma take ciki ba. Ko ta warke ne ba ta so a fama mata, ko kuwa irin nawa take yi, tana ɓoyewa don kada mu karaya, mu ma muna ɓoyewa don kada ta karaya. Ƙanwata da ke kwana kusa da ita ta ce sau da yawa fitilar ɗakinta a kunne take kwana. Littafin nan mai shuɗin bango yana wurina, har yau ban nuna mata shafin "na yafe" ba. Rabin zuciyata yana cewa haƙƙinta ne ta san wannan fuskar ta mijinta. Ɗaya rabin yana tsoron abin da zai biyo baya, ga ta da shekaru.

Akwai kuma yarana. Babban ya ɗan san kakansa, ƙaramar ba za ta tuna shi ba. Ina da saƙonnin muryarsa kaɗan da suka rage a wayata, ɗaya cewa kawai yake, "Ka kira ni in ka sami sarari." Ban iya sake saurare ba, ban kuma iya gogewa ba. Sannan aminansa. Na san labarin Abdullahi bin Umar da ya haɗu da wani balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakinsa da rawaninsa don kawai mahaifin mutumin abokin Umar ne, ya ce ya ji Annabi yana cewa mafificin biyayya shi ne ɗa ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa. Ina so in je in gaishe su. Abin da ke hana ni, ɗayansu yana ganina zai kira ni da sunan da Baba kaɗai yake kirana da shi, kuma na san a gabansu zan ɓarke, ni da aka ce ni ne uba.

To Malam, ka taimake ni da amsa. Wannan kukan da ya zo a makare, raunin imani ne, kuma yana cutar da Baba ko ba ya cutar da shi? Wace alama zan gani in san lokacin zuwa wajen likita ya yi, kuma in na je, hakan ya saɓa wa tawakkali? Abin da na fi buƙata shi ne dabarar da zan buɗe wa Umma zancen. In fara da littafin ne, ko in samu wata babba da take jin maganarta ta fara taɓa mata, ko in bar ta har sai ranar da ta kawo zancen da kanta? In kuma ƙannena suka ga babban yayansu yana hawaye, zai karya musu gwiwa ne kamar yadda baffa ya ce, ko su ma jira suke wani ya fara?

Ina roƙon ka sa mahaifina cikin addu'a, kai da masu sauraro. Allah ya jiƙansa da sauran iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya kai haske kabarinsu, ya sa mu cika da imani.

Wassalam,
Ɗanka, mai sauraro.