Amsa ga Baba mai tambaya: mazaɓar da ta ba baƙi kujerarta shekara 81

Assalamu alaikum Baba, ranka ya daɗe.

Da ka bugo waya cikin shirin rediyon nan da muke muhawara a kan 'yan takara, ka ce baƙo raɓa ne, sannan ka ƙalubalance ni a bainar jama'a: tunda ina yawan kawo labarin ƙasashen waje, in nuna maka wuri ɗaya tak inda mutane suka ɗauki wanda ba ɗan garinsu ba suka tura shi majalisar tarayya, kuma ba su yi da-na-sani ba. Lokaci ya ƙure mana a ranar, shi ya sa na zauna na rubuto.

Akwai wurin. Sunansa Kebek ta Gabas, wata mazaɓar tarayya a birnin Kebek na ƙasar Kanada, wadda aka kafa tare da ƙasar a 1867, aka kuma shafe ta kafin zaɓen 2004. Daga 1877 zuwa 1958 mutum uku kaɗai suka riƙe kujerarta. Biyu sun zama firayim minista, ɗayan kuma ya kasance mutum na biyu a gwamnatin zamaninsa. Babu ko ɗaya cikinsu da aka yanke wa cibiya a birnin.

Birnin Kebek hawa biyu ne. A kan tudu akwai ganuwa, manyan majami'u da gidajen masu hali. A ƙasa, bakin kogin Saint-Charles, akwai unguwar Saint-Roch da maƙwabtanta, inda majema, masu ɗinkin takalma a masana'antu da masu ƙera jiragen ruwa suke zaune a cunkushe a wancan zamanin, suna magana da Faransanci a ƙasar da masu Ingilishi suka fi yawa. Wannan ƙasan birnin shi ne asalin mazaɓar.

Na farkon su ukun, Wilfrid Laurier, shigowarsa ma ta hanyar faɗuwa ce. Haifaffen ƙauyen Saint-Lin ne, lauya a garin Arthabaska, kuma can yake wakilta tun 1874. A 1877 aka ba shi minista. Dokar lokacin ta ce duk wanda aka naɗa minista sai ya koma gida an sake zaɓensa. Ya koma, mutanensa suka kayar da shi da ƙuri'u kaɗan, a zamanin da limaman Katolika da yawa ke yi wa jam'iyyarsa ta Liberal kallon abokiyar gabar addini. Sai wani attajirin ɗan kasuwa mai suna Isidore Thibaudeau, wanda ke riƙe da Kebek ta Gabas, ya sauka ya bar masa wurin. A watan Nuwamba na shekarar Laurier ya ci zaɓen cike gurbi, bai sake barin kujerar ba sai da mutuwa ta raba su a Fabrairun 1919. Cikin wannan tsakanin ya shugabanci jam'iyyarsa daga 1887, ya zama firayim minista daga 1896 zuwa 1911, na farko daga cikin masu Faransanci. Hotonsa ya daɗe a takardar dala biyar ta Kanada.

Baba, na san me za ka ce: wannan ai ɗauki-ɗora ne. Ban musa ba. Manya ne suka zauna suka shirya, talakan Saint-Roch bai nemo Laurier da kansa ba. Kuma mutumin bai tare a cikinsu ba, zamansa na Arthabaska ne da Ottawa, babban birnin ƙasar, domin dokar ƙasar ba ta tilasta wa ɗan takara zama a mazaɓarsa. Har ta kai a zaɓen 1896 ya tsaya a wuri biyu, nan da wata mazaɓa can yammacin ƙasar, ya ci duka, ya zaɓi Kebek ta Gabas. To me ya sa suka yi ta mayar da shi fiye da shekara arba'in?

Wasu za su nuna maka gadar Kebek da layin dogon da aka fara a zamaninsa. Ni ban ɗora amsar a kansu ba. Gadar ma ta rushe sau biyu ana cikin gini, a 1907 ta kashe ma'aikata 75, a 1916 ta kashe 13. Abin da ya ɗaure su da shi ya bayyana ne a 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da gwamnatin Robert Borden ta kawo dokar ɗaukar samari soja a tilas a kai su Turai. Masu Faransanci suka ce wannan yaƙin Ingila ne, ba za su ba da 'ya'yansu ba. Borden ya yi wa Laurier tayin gwamnatin haɗaka, ya ƙi. Manyan 'yan jam'iyyarsa masu Ingilishi da dama suka watsar da shi suka bi gwamnati, ya sha kaye a zaɓen ƙasa, amma lardin Kebek ya ba shi kujeru 62 cikin 65. Kuma maganar ba ta baka ba ce kawai. A bikin Ista na 1918 tarzoma ta ɓarke a birnin saboda kamen samari, ranar 1 ga Afrilu sojoji suka buɗe wuta a unguwar Saint-Sauveur, nan ƙasan birni, suka kashe farar hula huɗu. Wanda aka harbe maƙwabcinsa a kan wata magana ba ya tambayar inda aka haifi wanda ya tsaya masa a kanta.

Da Laurier ya rasu, aka sake kawo baƙo. Ernest Lapointe ɗan ƙauyen Saint-Éloi ne, yana wakiltar mazaɓar Kamouraska tun 1904, ya ajiye waccan kujerar ya zo ya gaji wannan a 1919. Bai zama firayim minista ba, amma firayim minista Mackenzie King, wanda ya daɗe a mulki kuma Faransancinsa bai taka kara ya karya ba, kusan ba ya yanke komai a kan Kebek sai da shi. Ya riƙe ma'aikatar shari'a shekaru masu yawa, kuma shi ne ya sa hannu a yarjejeniyar kamun kifi da Amurka a 1923, karon farko da Kanada ta ƙulla yarjejeniya ba tare da sa hannun wakilin Birtaniya ba. Da yaƙi na biyu ya zo a 1939, ya goyi bayan shiga, amma ya yi wa mutanensa alkawari a fili cewa ba za a tilasta wa kowa zuwa fagen daga a ƙetare ba, in aka yi haka zai ajiye muƙaminsa. Ya rasu a Nuwamban 1941 alkawarin na tsaye.

A kan na ukun ne hujjata take ɗan ɗingishi, gara in faɗa da bakina kafin ka kama ni. Louis St-Laurent an haife shi a ƙauyen Compton, uba mai Faransanci, uwa 'yar asalin Ireland. Shi kam ya daɗe yana aikin lauya a birnin Kebek, sai dai lauyan manyan kamfanoni ne, na kan tudu, bai taɓa tsayawa takara ba har ya kusa shekara sittin. King ya kira shi ya ba shi kujerar Lapointe ta minista, ya ci zaɓen cike gurbi a Fabrairun 1942. Watanni biyu bayan haka aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi a kan sakin gwamnati daga wancan alkawari. Sama da kashi 70 cikin ɗari na mutanen lardin Kebek suka ce a'a, sauran ƙasar ta ce e. A ƙarshen 1944 gwamnati ta ba da umarnin tura mutum 16,000 na tilas zuwa Turai, St-Laurent kuma ya tsaya da ita. Duk da haka a 1945 Kebek ta Gabas ta mayar da shi.

Yadda na fahimci abin, lissafi suka yi. Jam'iyyar adawa ta fi matsawa a kan tilas ɗin, yaƙi ya zo ƙarshe, ga kuma kuɗin tallafin yara da gwamnati ta fara biyan iyalai duk wata a shekarar, abin da ke da nauyi a unguwar masu 'ya'ya da yawa. Akwai kuma sabo, wanda ba na raina ƙarfinsa: gidan da kaka ya zaɓi Laurier, uba ya zaɓi Lapointe, da wuya ɗa ya juya. St-Laurent ya zama firayim minista daga 1948 zuwa 1957. A hannunsa yankin Newfoundland ya shiga tarayyar a 1949, aka kuma fara aikin hanyar manyan jiragen ruwa ta kogin Saint-Laurent a 1954.

Ka tambayi da-na-sani. Ban ga alamarsa a akwatin zaɓe ba muddin mutanen uku na tsaye. Amma kada in yi maka ƙarya cewa unguwar ta yi arziki. Masana'antun takalma sun yi ta rufewa, masu ɗan hali suka ƙaura bayan gari, Saint-Roch ta daɗe cikin unguwannin da suka fi talauci a birnin. Abin da baƙin suka ba su shi ne murya a ɗakin da ake yanke hukunci.

Kuma St-Laurent na sauka, biyayyar ta watse. A 1958 suka zaɓi ɗan jam'iyyar Conservative, a 1962 ɗan jam'iyyar Social Credit, suka koma wa Liberal da Gérard Duquet a 1965, a 1993 kuma suka ba Bloc Québécois, masu neman ɓallewar lardin. Iyakokinta ma sun yi ta gusawa, domin a Kanada ana sake shata mazaɓu bayan ƙidayar kowace shekara goma, kuma tun 1964 hukumomi masu zaman kansu ke yin aikin. A shatar 2003 aka raba ta ga maƙwabta. Ɗaya daga cikin sababbin mazaɓun da suka gaji yankinta aka raɗa mata sunan Louis-Saint-Laurent, kuma a duk zaɓukan da aka yi daga 2004 zuwa 2021 ba ta taɓa zaɓar ɗan jam'iyyarsa ta Liberal ba.

In ka sake bugowa, Baba, ni ma ina da tambaya: cikin 'yan asalin da muka tura Abuja, wane ne ya taɓa cewa zai ajiye muƙami a kan wata magana tamu?

Allah ya ƙara girma, a gaida gida.