"Ai ban taɓa shi ba" ba ta fid da mutum a kotun Sudan

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi gyara a kan wata magana da ta zauna a bakin mutanenmu daga Mai Wurno har Gadarif, wai wanda ya ga mutum na mutuwa ya wuce abinsa, tsakaninsa da Allah ne kawai, hukuma ba ta da ta cewa.

Sashe na 75 na dokar laifuffuka ta Sudan ta 1991 ya tanadi ɗaurin da bai wuce wata 3 ba, ko tara, ko duka biyu, ga wanda yake da ikon taimakon mai rauni, ko wanda ya suma, ko wanda ke bakin halaka, amma ya ƙi da gangan, alhali taimakon ba zai jefa shi ko wani cikin haɗari ba. Dole mai gabatar da ƙara ya tabbatar da iko, da ganganci, da rashin haɗarin. Wanda bai iya iyo ba, babu mai cewa ya faɗa kogin Nilu. Amma jefa igiya ko jarkar da ba komai a cikinta, da kwarma ihu, da tsayar da raksha, wato babur mai ƙafa uku, duk yana iyawa. Shi kuwa mai tsayawa ɗaukar bidiyo, da hannunsa ya haɗa wa kotu shaidar cewa ya gani, yana kusa, kuma lafiyarsa ƙalau.

Wata ukun nan na ɗan kallo ne. Wanda doka ta ɗora wa kula da yaro, ko maras lafiya, ko mai taɓin hankali, sashe na 76 ya kai nasa wata 6. In kuma rai ya salwanta saboda sakacinsa, magana na iya komawa kisan kuskure a sashe na 132, inda akwai diyya da ɗaurin da zai iya kai shekara 3, domin a wannan doka ƙin yin abin da ya wajaba shi ma aiki ne. Malaman halwa, wato makarantar allo, da masu gonakin riɗi da ke kai ma'aikata daji su lura da wannan.

A Ingila ba haka ba ne. Baƙo na iya kallon yaro yana nutsewa a ruwan da bai kai gwiwa ba, ya tafi gida, ba a tuhume shi ba. Sai in akwai wajibi a kansa: dangantaka, ko aikin da aka ɗauke shi, ko haɗarin da shi ya tayar. A 1902 an kama mai gadin ƙofar layin dogo, Pittwood, da laifin kisa saboda ya bar ƙofa a buɗe ya tafi cin abinci, jirgi ya take mai keken doki. A 1983 kotun ƙoli ta lokacin ta tabbatar da laifin Miller, wanda sigarinsa ya kama katifa, ya farka ya gani, ya koma wani ɗaki ya ci gaba da barci. Faransa kuwa ta ɗauki ƙin taimako da zafi, ɗauri har shekara 5 da tarar yuro 75,000, Jamus har shekara 1 ko tara. A jihar Vermont ta Amurka tarar ba ta wuce dala 100 ba.

Final Kod, dokar laifuffuka ta Arewacin Nijeriya, daga tsohon kundin Sudan aka ɗauko shi, shi kuma daga na Indiya na 1860, wato jikan tsarin Ingila ne. Abin mamaki, fiƙihun da muke karantawa a zaure ya fi shi tsanani. Shehu Halil, malamin Malikiyya, ya kawo mas'alar a littafinsa Muhtasar, a babin yanka, inda mai nema ba zai yi zato ba. Ya ɗora lamuni, wato biyan abin da ya salwanta, a kan wanda ya ƙi ceton rai ko dukiyar da ke halaka, da wanda ya hana zaren ɗinke raunin da ya kai ciki, da wanda ya hana mai matsananciyar buƙata rarar abinci ko ruwa, har da wanda ya hana itacen tokare bango har ya faɗi. Mafi yawan Hambalawa sun bambanta: wanda aka roƙa abinci ya hana zai biya, wanda ya ƙi ceto kawai ya yi zunubi amma ba diyya. A ganinmu ra'ayin Malikiyya ya fi dacewa da ƙasar da motar asibiti ke wuyar samu, musamman tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023.

Mun san abin da ke hana mutane: tsoron a riƙe wanda ya kawo mai rauni, da zancen urnik 8, takardar 'yan sanda da likita ke cikewa a kan raunuka. Takardar shaida ce ga shari'a, ba tuhumar wanda ya kawo mutum ba ce. Abin yi shi ne ka kira mutum biyu su ga yadda ka same shi, ka lura da lokaci da lambar mota in haɗari ne. Danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, in ya jiƙe ƙara wani a kai, kada ka cire na farko. Wanda ya suma yana numfashi a kwantar da shi ta gefe, kuma kada a ɗura masa ruwa, yana iya bi ta huhu. Wanda ake zaton wuyansa ko bayansa ya taɓu, kada a ciccibe shi hannu da ƙafa a jefa bayan mota. A sa shi kan ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum ɗaya na riƙe da kansa daidai har asibiti.

Wassalam.

Wasu 'yan'uwanka masu aikin shari'a,
Gadarif, Sudan