Kafin ka tura yaro ƙarƙashin tirela

Gwammaja, Kano

Assalamu alaikum.

Ɗana, bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya, kai da iyalinka da yaran aikinka. Ranar Talata da na biyo ta garejinka a Hotoro, na sha shayi na tashi ban ce komai ba, ka kuwa san ba halina ba ne. Ba a yi wa maigida faɗa a gaban yaransa, shi ya sa na haɗiye. Amma maganar ta hana ni barci, in kuma na kira ka a waya "to Baba" za ka ce ka kashe. Saboda haka ga ta a takarda.

Abin da na gani shi ne: DAF ɗin nan mai shuɗin kai tana ɗage, an cire tayoyin baya na gefe ɗaya, ƙaramin yaronka yana kwance a ƙarƙashin aksil, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin, yana aiki. Sabbin matokaranka masu aiki da iska suna tsaye, tiyo a haɗe. Sakatar ɗaya daga cikinsu kuwa tana lilo a jikin sarƙarta, ba a zura ta ba. Da na sunkuya na zura ta da hannuna kana can kana ciniki da direba, ba ka ma lura ba.

Ban ga laifin sayen kayan nan ba, har daɗi na ji. Mu a zamaninmu jak na hannu muka sani, a yi ta bugawa har kafaɗa ta yi tsami kafin taya ta bar ƙasa. Yau ka haɗa tiyo da kwamfuresa, ka danna, kafin ka gama amsa sallama mota ta tashi. To a nan haɗarin yake. Abin da ya zo da sauƙi, mutum yakan manta nauyin da ke kansa. Buhun siminti 600, kowanne kilo 50, tan 30 ke nan, ban da nauyin motar kanta. Na Dawanau kuma ka san yadda suke lodi, sai buhu ya ƙi zama ake cewa mota ta cika.

Aikin iska a cikin matokarin nan ɗagawa ne kawai. Ita ke tura sandar ƙarfen sama har ta kai inda kake so. Daga nan sai ka zura sakata a raminta har ta ɓullo ta ɗaya gefen, ka saki iskar a hankali, ka ga da idonka nauyin ya zauna a kan sakatar. Sai a lokacin mota ta zama abin shiga ƙarƙashi. Iska tana matsuwa, tana kuma sulalewa ta kowace 'yar kafa. Roba ɗaya ta tsage a ciki, ko wani ya take tiyo ya fizge mahaɗinta, shi ke nan. Kuma da yake tana matsuwa, motar da ke kanta kamar a kan katifa take: ka cire mata abu mai nauyi ta yi tsalle sama, ka jijjiga ta ta yi rawa. Jak ɗinka mai haɗa iska da mai shi ma haka, bawul ɗaya da 'yan robobi ne tsakaninsa da ƙasa.

Tun kana goye, a wani gareji da na yi aiki a hanyar Zariya, muna da abokin aiki wanda duk ya fi mu iya gyaran birki. Mota ɗauke da masara ta shigo, direba yana sauri, ya ɗaga ta da jak ya ce minti biyu kawai zai leƙa. Ba mu ji ƙara ba. Mutane suna zaton mota faɗowa take da rugugi, alhali wannan sauka ta yi sannu a hankali kamar raƙumi zai durƙusa, sai muryarsa muka ji. Kafin mu kawo wani jak mu sake ɗaga ta, ƙugunsa ya riga ya tafi. Wata da watanni ya yi a asibitin ƙashi na Dala, kuma bai sake riƙe sifana ba. Matokari yana jingine da bango, taku biyar daga inda ya kwanta. Shekararsa ashirin yana wannan leƙen ba abin da ya same shi, sabo turken wawa. Na san abin da direbobi ke cewa, wai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Yanzu batun ƙasar garejinka. Rabinta siminti, rabinta jar ƙasa, kuma na lura manyan motoci a jar ƙasar suke tsayawa don nan ne da fili. Da damina tana laushi, ƙafar matokari ta nutse ta gefe ɗaya ya karkace. Kwalta ma ba abin yarda ba ce, in zafin Afrilu ya kama ta sai ta koma kamar nakiya. Ka sa a yanko maka faranti na ƙarfe mai kauri a Ƙofar Ruwa, ko katakon kirya mai faɗi, a shimfiɗa a ƙarƙashi. Bulo kada ya kusanci wurin, yana ruɓushewa ba sallama.

Waigi kuwa gaba da bayan taya, a kowane gefe, kafin a taɓa tiyo. Kada birkin ajiye mota ya ruɗe ka: a yawancin manyan motocin nan tayoyin baya yake kamawa, in ka ɗaga bayan ka bar motar a kan tayoyin da ba abin da ya riƙe su. Makulli ya kasance a aljihunka, don yaron mota yakan hau ya tayar da inji ya ce iska zai tara. Notin taya a sassauta shi tun mota tana ƙasa. Wannan dogon bututun da kuke ɗora wa sifana mutum biyu su hau, yana iya ture mota daga kan matokari. Masu jakar iska a madadin sifirin, a sauke iskarsu tukuna, in ba haka ba jakar za ta sace da kanta motar ta gusa. Tanka mai rabin kaya ita na fi tsoro, don man da ke ciki yana komawa duk inda ta karkata. In da hali a sauke kaya kafin gyara, ko da direba zai yi ta ƙunƙuni.

Ka karanta farantin da ke jikin kowane matokari. Wasu kamfanoni nauyin da suka rubuta na guda biyu ne a haɗe, mutum ya ɗauka na ɗaya ne. A sa su bibbiyu, sakata a rami ɗaya a kowane gefe, a ƙarƙashin aksil ko jikin shasi. Ƙarfin iskar ma yana rubuce. Galibin kayan gareji tsakanin 90 zuwa 120 suke aiki a ma'aunin ƙarfin iska da ake kira PSI, kada ka ƙure don mota ta ƙi tashi. In ta ƙi tashi, ta fi ƙarfinsa ne.

Abin da na fi jin tsoron za ku yi, don na san mu kanikawa, shi ne ranar da sakata ta ɓata wani ya yanko guntun rodi ya zura. Sakatar asali ƙarfe ne da aka ƙera don ɗaukar wannan nauyin, rodin gini kuwa lanƙwashewa zai yi. Ka nemo ta asali, kafin ta zo a ajiye matokarin. Haka wanda ya tsage a walda ko raminsa ya faɗaɗa: kada ka kai wa mai walda ya lallaɓa, ka sayar wa 'yan gwangwan.

Sauran kula ba wuya. Kwamfuresa tana tara ruwa a tankinta, a buɗe ƙasanta kullum a zubar, musamman da damina, in ba haka ba ruwan zai bi tiyo ya shiga matokari ya yi tsatsa ya cinye roba. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, a goge sandar kafin a mayar da ita, a rufe bakin mahaɗin iska. Ɗigo biyu ko uku na man kayan iska a bakin jak ya isa. In mansa ya ragu a ƙara masa man jak, ban da man birki, yana lalata robobi. Ruwan Omo a shafa a mahaɗai, inda ya yi kumfa nan iska ke fita.

Yaron nan da na gani a ƙarƙashi, bai fi sha biyar ba. Iyayensa sun kawo maka shi ne ya koyi sana'a, kuma abin da ya ga kana yi shi zai ɗauka. Ka sa doka: ba mai shiga sai kai ko babban yaronka ya zagaya ya taɓa kowace sakata da hannu.

Akwai katakon kirya guda huɗu a zauren gida tun na tsohon garejina, har yanzu ƙusa ba ta shigarsu. Ka turo mai Keke Napep ya ɗauka, ko ka zo da kanka ranar Juma'a bayan masallaci, don Ummanka ta ce ta kwana biyu ba ta ga jikokinta ba. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ku.

Wassalam,
Mahaifinka