Na koma cikin mawaƙa, Baba

Leeds, Ingila
17 ga Nuwamba

Zuwa ga Baba da Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan wannan wasiƙa za ta same ku lafiya kamar yadda ta bar ni. Na zaɓi rubutu a kan waya domin maganar da ke bakina ta fi ƙarfin minti goma, kuma na san Baba ya fi son abin da zai riƙe a hannu ya karanta a tsanake.

Albishirinku, na koma waƙa. Shekara huɗu da zuwana ƙasar nan aikin dare a asibiti bai bar ni na tsaya cikin mawaƙa ba, sai a watan Satumba wata abokiyar aikina ta ja ni zuwa wata ƙungiyar mawaƙa ta mutanen gari, masu haɗuwa kowace Talata da yamma. Aka saurari muryata aka sa ni a layin alto (muryar mata ta ƙasa), wurin da Baba ya ajiye ni tun ina ƙarama. Su nan da rubutun kiɗa mai layi biyar suke karatu, ni kuwa da do-re-mi Baba ya raine ni, saboda haka na zauna da fensir na juya layina kaf zuwa yadda muka saba, har wata dattijuwa da ke kusa da ni ta ce haka kakanta yake karanta waƙa a ƙasar Wales.

Abin da muka koya shi ne The Armed Man, wato mai ɗamarar yaƙi, Mas ne (jerin waƙoƙin sujadar Jibin Ubangiji) na roƙon salama wanda Karl Jenkins, mutumin Wales da aka haifa a 1944, ya tsara. Gidan adana makaman tarihi na Royal Armouries, wanda ke nan Leeds, shi ya nemi a rubuta shi domin shiga shekara ta 2000, aka kuma sadaukar da shi ga waɗanda yaƙin Kosovo ya rutsa da su. Na je gidan da ƙafata, na ga takubba da sulke, har da sulken giwa daga Indiya, na tsaya ina mamakin yadda masu tsaron kayan yaƙi suka zama masu neman waƙar salama. An fara rera shi a zauren Royal Albert Hall da ke Landan ranar 25 ga Afrilu, 2000. Da na ga wannan kwanan wata sai na ajiye takardar, domin wata biyu ke nan kacal bayan 21 ga Fabrairu, ranar da Kaduna ta kama da wuta.

Baba zai gane kalmomin da yawa, domin su ne muke faɗa a Jibin Ubangiji: ya Ubangiji ka yi mana jinƙai, Mai Tsarki, Ɗan Rago na Allah, da mai albarka ne mai zuwa cikin sunan Ubangiji, sai dai na farkon da Helenanci ake rera shi, sauran kuma da Latin. Zai kuma lura, kamar yadda na lura, cewa babu waƙar ɗaukaka ga Allah a sama, babu shaidar bangaskiya, sannan an ɗauke “mai albarka” daga mazauninsa an kai shi bayan Ɗan Rago. Da fari hakan ya dame ni ƙwarai. Daga baya na fahimci cewa ba don sujadar Lahadi aka rubuta shi ba. Kashi 13 ne da ke ɗaukar fiye da sa'a guda, an jera su bisa tafiyar yaƙi, daga shiri zuwa gumurzu zuwa makoki, addu'o'in kuma an sa kowace a inda mutum yake buƙatarta a wannan tafiya.

Da ganga ake buɗewa, can ƙasa-ƙasa kamar takun sojoji daga nesa, sai ƙaramar sarewa ta shigo da wata tsohuwar waƙar Faransanci ta ƙarni na 15, mu kuma mu karɓa, ana ta ƙara ƙarfi har zauren ya cika. Ana gamawa sai kowa ya yi tsit, ladani ya miƙe shi kaɗai ya kira salla da Larabci, babu kiɗa ko kaɗan. Haka mai waƙar ya tsara. A lokacin koyo tsallake wurin muke yi, don haka ban ji shi ba sai a gwajin ƙarshe, da wani bawan Allah daga ɗaya daga cikin masallatan garin nan ya zo. Baba, muryar Malam ladan na bayan gidanmu a Tudun Wada na ji, wanda kiransa na asuba yake tashe ku ku tashe mu addu'ar safe, wanda kuma a lokacin wancan rikici na Kaduna ya ɓoye mu kwana biyu a ɗakin matarsa har aka samu hanyar haye kogi. Yana sauke murya aka ba mu hannu mu shiga “ya Ubangiji ka yi mana jinƙai”, ni kuwa maƙogwarona ya toshe, sai a jimla ta biyu na kamo 'yan'uwana.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai majami'u a Turai da suka ƙi yarda a yi wannan kira a cikinsu, kuma a cikinmu ma wani dattijo ya ce zai rera komai amma zuciyarsa ba ta kwanta da wurin ba. Ban ga laifinsa ba, don na san a Sabon Tasha ma za a samu masu faɗin haka, kuma suna da tabon da ya sa su faɗa. Abin da na gaya masa shi ne ni ban rera kiran ba, bangaskiyata tana nan inda kuka dasa ta, amma na saurara da ladabi kamar yadda shi ladanin ya zauna ya saurare mu har ƙarshe.

Kashin da ya fi ba ni tsoro shi ne “Mai Tsarki”. A gida da murna muke rera shi, a nan kuwa an ɗora shi a kan gangar yaƙi da busar kakaki, har mutum ya ji yadda ake kiran sunan Allah ana wasa wuƙa. Mun ga hakan da idonmu, daga kowane ɓangare. Bayansa ne ake kai farmaki, inda aka umarce mu mu ɓarke da kururuwa ba tare da bin wata murya ba, sannan a yanke ɗif. Shirun da ya biyo baya yana da tsawo, sai begila ɗaya ta busa busar da ake yi wa sojan da ya faɗi. Daga nan aka rera kalmomin Toge Sankichi, mawaƙin Japan da ya tsira daga bam ɗin Hiroshima a 1945, ya rasu a 1953.

Sai bayan duk wannan ne “mai albarka” ya zo, a nan kuma na gane dalilin jinkirta shi. Wani babban goge da ake dafawa tsakanin gwiwoyi, mai suna calo, shi ke farawa shi kaɗai, a hankali, da siririyar murya kamar ta mai lallashin yaro, ya daɗe yana yi kafin mu shiga. Waƙar ba ta da wuya a ido, amma riƙe dogon numfashi a murya ƙasa-ƙasa ya fi ihu wahala nesa ba kusa ba. Mai koyar da mu ya yi ta nanata cewa duk wanda yake jin muryarsa fiye da ta maƙwabcinsa ya yi yawa, maganar da Baba ya yi shekaru yana faɗa wa mawaƙan majami'armu. A ganina wasu sassan Mas ɗin sun cika maimaici, amma wannan kashi ban ga abin ragewa a cikinsa ba. Ana rufewa da muryoyi zalla, da alkawarin Ru'ya ta Yohanna 21:4, cewa Allah zai share dukkan hawaye. Mun rera shi ranar Asabar da ta gabaci Lahadin tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi, zauren kuma ya cika maƙil.

Na ba wata 'yar'uwa da za ta zo gida Kirsimeti faifan waƙar, tare da “Ɗan Rago na Allah” da na juya zuwa do-re-mi, muryoyi huɗu, domin Baba ya duba da idonsa ya gyara mini inda na kuskure. Akwai kuma ambulan guda biyu, ɗaya na Mama, ɗaya kuma ina roƙon Yaya ya haye Tudun Wada ya kai wa iyalan Malam, ya gaishe mini da su da kyau. A gaida Goggo da Kawu, da matan zumunta, da dukkan mawaƙa.

Ubangiji ya kiyaye ku.

Taku har kullum,
'Yarku