Wasiƙa zuwa ga aminina kan Walter Salles

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Baba. Ya shirin fim ɗin naka? Allah ya dafa maka.

Ka tambaye ni labarin ɗan Brazil ɗin da ya ci Oscar a watan Maris na 2025, a rukunin fina-finan ƙasashen waje, inda Najeriya ta tura fim ɗin Mai Martaba. Walter Salles ke nan, haifaffen birnin Rio de Janeiro a 1956. Fim ɗin, Ainda Estou Aqui, labarin Eunice Paiva ne, wadda jami'an mulkin soja suka tafi da mijinta Rubens Paiva a Janairun 1971, ba a ba ta takardar shaidar mutuwarsa ba sai 1996. Shi ne karo na farko da Brazil ta ci wannan kyauta.

Amma in kana son koyon aikinsa, fara da Central do Brasil na 1998, wanda ya ci babbar kyautar bikin Berlin. Labarin wata mata ne mai rubuta wa waɗanda ba su yi karatu ba wasiƙu a tashar jirgin ƙasa. Da aka ajiye teburin a cikin tashar ta gaske, sai fasinjoji suka riƙa zama gaban Fernanda Montenegro, wadda ta fito a matsayin matar, suna faɗa mata saƙonsu, shi kuwa ya bar kyamara tana ɗauka. Yaron fim ɗin, Vinícius de Oliveira, mai goge takalma ne a filin jirgin sama, bai taɓa fitowa a fim ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne yadda yake ɗaukar fim bi da bi, daga farkon labari zuwa ƙarshensa. Yaron da ba ɗan wasa ba ne ba zai iya kukan rabuwa a ranar farko ba, sai ya shaƙu da abokiyar wasansa tukuna. Sai dai akwai tsada: za ka koma wuri ɗaya sau biyu ko uku, kuɗin mota da masauki da abincin ma'aikata su ƙaru. In aljihu bai kai ba, ka ware fitowar yara kaɗai ka ɗauke ta a jere.

Salles ma ba kullum yake dacewa ba. Bayan Diarios de Motocicleta na 2004, kan tafiyar Che Guevara, ya je Amurka ya yi Dark Water a 2005 da Turanci, sannan On the Road a 2012, duk ba su yi armashin na gida ba. A ganina dalilin a fili yake: labarin gida ya fi sani. Gidan su Paiva ma ya san shi tun yana yaro, yana shiga yana fita.

Ga ƙa'idar Oscar ɗin kuma. Kowace ƙasa fim ɗaya take turawa, a tace zuwa 15, sannan 5. Dole a haska shi a sinima kwana 7 a jere, kuma fiye da rabin maganar kada ta zama Turanci, abin da ya kayar da Lionheart, fim ɗin da Najeriya ta tura a 2019. Kai Hausa ta raba ka da wannan matsala. Ka dai kashe kuɗi a kan sauti da fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto.

Ka turo mini rubutun labarin in karanta. A gaida kowa da kowa.

Naka har kullum.