A dawo mana da tsofaffin taswirorin Lardin Bauchi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka don in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni tsohon malamin labarin ƙasa ne, na riƙe alli shekara 35 kafin in yi ritaya. A wani ƙauye na ƙasar Nafada aka yanke mini cibiya, kuma gidanmu yana nan inda yake, ko taku ɗaya bai gusa ba. Amma da na shiga firamare muna Lardin Bauchi ne na Jihar Arewa. A 1967 Janar Gowon ya kasa Nijeriya jihohi 12, muka wayi gari a Jihar Arewa maso Gabas, hedkwatarmu Maiduguri. A 1976 Janar Murtala ya mai da mu Jihar Bauchi, sannan ranar 1 ga Oktoba 1996 Janar Abacha ya yanko mana Gombe. Ka ga gida ɗaya ya amsa suna huɗu ina raye.

Abin da ya tayar mini da maganar shi ne, rannan jikata ta zo mini da aikin gida, an ce ta zana Jihar Gombe da ƙananan hukumominta 11. Ta zana tsaf, daga Nafada har Shongom, ba ta bar ko ɗaya ba. Na ce, "To amaryata, kafin a yi Jihar Gombe, me ake zanawa a wurin nan?" Ta yi shiru, can ta ce, "Kaka, ai dama haka take." Ban ga laifinta ba. Taswira ɗaya tak ta taɓa gani a bango, ita ce ta yau, don haka a ganinta iyakokin nan tare da duwatsu aka halicce su.

Da za a shimfiɗa wa yarinyar nan taswirorin yankinmu bi da bi, da ta ga abin da zai ɗaure mata kai. A wasu taswirorin Turawa na ƙarni na 19 ba za ta ga sunan garin Bauchi ba, "Yakoba" suka rubuta, wato garin Yakubu, mai tutar Shehu da ya kafa masarautar. Bayan Turawan Ingila sun ci Bauchi a 1902, lardin da suka shata ya miƙa har saman tsaunukan Jos, shi ya sa a takardunsu na farko tsaunin da sunan Bauchi ake kiransa. Har ƙaramin layin dogon da suka shimfiɗa daga Zariya zuwa Jos da Bukuru don kwasar kuza, sunan Bauchi suka laƙaba masa, alhali bai taɓa leƙa garin Bauchi ba har aka rufe shi a 1957. Sai a farkon shekarun 1960 mutanen Bauchi da Gombe suka ji kukan jirgin ƙasa a garinsu, lokacin da aka ja layin Maiduguri. A 1926 aka cire Jos aka yi Lardin Filato, a daidai lokacin kuma Katagum, wadda take ƙarƙashin Lardin Kano, ta dawo Bauchi. Yau in ka ce wa saurayi ɗan Azare kakanninsa sun taɓa amsa wa Razdan na Kano, zai ɗauka zolayarsa kake yi.

Mu nan Gombe namu ya fi ban sha'awa, don sunan garin ma ƙaura ya yi. Gomben da Modibbo Buba Yero ya kafa ita ce Gombe Abba, a bakin kogin Gongola. Turawa suka ɗauke hedkwata zuwa Nafada a 1913, bayan shekara shida suka sake ɗauke ta zuwa Doma, wato Gomben yau, a 1919, sunan Gombe ya biyo ta. Saboda haka wanda ya ɗauki taswirar kafin wannan lokacin ya ɗora yatsa a kan Gombe, wani gari dabam ya nuna. Na taɓa ganin ɗalibin jami'a ya faɗa wannan ramin a rubutun kammala digirinsa: ya kawo labarin wani abu da ya faru a farkon zuwan Turawa, ya dasa shi a Gomben yau, ya yi ta kwatanta unguwannin da ko tubalinsu ba a aza ba a lokacin. Haka kuma Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a watan Yuli na 1903 bayan ya baro Sakkwato yana nufin gabas. Yaranmu sun haddace sunan saboda jarrabawa, amma kaɗan ne za su iya nuna maka inda take a ƙasar Funakaye, balle su bi da yatsa hanyar da ayarin ya biyo.

Sai dai, Malam Edita, dole in yi togaciya, don na san halin mutanenmu. Tsohuwar taswira shaida ce, kuma kowane mai shaida akan tambayi wanda ya aiko shi. Bature ya zana waɗannan iyakoki ne don ya san hakimin da zai tara masa haraji da jangali, da Di'on da zai yi rangadi a ina. Sau da yawa a kan doki ya bi ƙasar, da tafinta a gefensa, abin da kunnensa ya jiyo shi ya rubuta, har sunan wani ƙauyen ya fito a murɗe mai ƙauyen ma ba zai gane shi ba. Layin da ya ja da tawada a takarda, in an auna shi a ƙasa, faɗinsa kaɗai zai iya haɗiye gonaki da dama. Makiyayin da ke bin burtali daga Dukku zuwa kudu da rani bai taɓa sanin ya tsallake wani layi ba. Tun da aka sanar da samun man fetur a Kolmani, tsakanin Alkaleri ta Jihar Bauchi da Akko ta Jihar Gombe, kuma Shugaba Buhari ya zo ƙaddamar da aikin a Nuwamban 2022, na ga samari a Facebook suna ta yawo da guntayen hotunan taswira, ba shekara, ba sunan wanda ya zana, kowa yana cewa tasa ce hujjar man a jiharsu yake. Tantance iyaka dai aikin Hukumar Kula da Iyakoki ta Ƙasa ne da safiyoyi da sarakuna. Amma da a ce taswirorin suna nan a fili, cikakku, kowace da shekararta, da wuya wani ya yanko kusurwa ɗaya ya ruɗi jama'a da ita.

Kada kuma a ɗauka Bature ne ya fara auna ƙasar nan a kansa. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba baƙonsa Kyaftin Clapperton zanen taswirar ƙasashen nan da kogunansu, aka tafi da ita Ingila aka buga. Fatake da alhazan ƙasa ma sun san zango zango daga nan har gabas, a ka suke riƙe da shi.

Bara na je wani ofishi neman wata tsohuwar taswirar gundumarmu da na san na taɓa gani a can ina saurayi. Bayan doguwar jira, wani bawan Allah ya buɗe mini wani sito, sai ga nannaɗaɗɗun takardu jibge a ƙasa, yoyon rufi ya jiƙa na sama, gara ta cinye na ƙasa. Wadda na ɗaga ta farko a hannuna ta ruguje. Ban iya cewa komai ba, na yi masa godiya na fito.

Roƙona ga gwamnatocin Bauchi da Gombe shi ne su haɗa kai, tunda tarihin lardi ɗaya ne. Akwai ɗakin adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, inda fayilolin larduna suke, ga kuma cibiyar binciken tarihi ta Gidan Arewa. A tura malaman tarihi da na labarin ƙasa daga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Jami'ar Jihar Gombe da ta Kashere su ɗauko hotunansu da na'ura, a sa a intanet, a buga manya a raba wa makarantun sakandare. Kuɗin bai kai na rufin aji goma ba. In an kawo su, a kai wa dattawan garuruwa su duba tun suna da rai, su gyara sunayen da aka murɗe, su nuna kufan da aka tashi da rijiyoyin da suka ƙafe. Waɗanda suka yi aiki a En'e sun fara ƙarewa, a unguwarmu biyu suka rage, ɗaya ma ido ya yi rauni.

Ni kaina ina da guda ɗaya ta Jihar Arewa maso Gabas, wadda na tsira da ita daga wani aji da aka rushe, tana nannaɗe a saman sif. Duk hukumar da ta fara wannan aiki, ta aiko ta hannunka, zan ba da aronta a ɗauki hoto a dawo mini da abata.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Gombe.